Saiwar Kabarin Ladidi

Tun shekarar da ƙasa ta yi wa mutane kaɗan, ba a ba mamaci kabari sai an shuka a kansa saiwar nan ta magani mai siffar mutum, wadda ake kira jinsin. In ta nuna sai a tone ta, a kai wa injin da ke ware sinadaran cikinta. In an samu magani, mamaci ya ci gaba da kwanciyarsa.

Ranar Talata Tasalla ta je ofishin maƙabarta da saiwar kabarin 'yarta Ladidi, naɗe cikin zanen goyo. Ta wanke ta tas, har 'yan yatsun.

Sallau mai awo ya datse ta biyu yana cin gyaɗa, ya jefa a inji. Injin ya yi gurnani, ya ɗiga ruwa a ƙananan kwalabe, amma ta ƙarshe, ta maganin, ta fito wayam.

Ya ce, "Iya, 'yarki ba ta ba da komai ba. Ɗaci ne zalla."

"Ɗan nan, ta daɗe tana jinya. Ciwo ya cinye ta tun kafin ƙasa ta samu."

"To kin gani, saura kika kawo mana. Gobe za a kwashe ta, gawar wani ɗan dambe na jiran wurin."

Tasalla ta roƙe shi ko tuƙar ya ba ta. Sallau ya dube ta sama da ƙasa, ya latsa damtsenta kamar mai tayin akuya.

"Ke kam da sauran maiƙo, Iya. Ki riƙa cin abinci."