Darasin Juya Majinyaci

"Ba haka ake yi ba!" Sista ta so ta daka wa sabuwar nas ɗin tsawa. Yarinyar ta damƙi kafaɗar majinyaciyar da ƙarfi.

Shekara talatin Sista ta yi tana koya wa sababbin ma'aikata wannan darasi, kuskure bai taɓa wuce ta ba. Yau ido kawai ta zuba.

Wadda ke horar da yarinyar yanzu ta ce, "A hankali, ƙanwata. Fara gaishe ta, tana jin ki."

Yarinyar ta sunkuyo. "Sannu, Mama. Zan juya ki."

Sista ta yi ƙoƙarin amsawa, amma tun da jikinta ya shanye harshenta ya daina motsi. Aka juya ta, ta koma kallon bango.