Fuskar da Na Taka da Ƙafata

Wani falke ya sauka a gidanmu a Kafur da madubi naɗe cikin takarda. Jikin takardar akwai fuskar wani ɗan wasa na can gabas, fara fat da jan zane, ido a karkace. Maƙwabta suka ce aikin aljannu ne, a ƙona.

Baba, da yake masassaƙi ne, ya shafa bayanta. "Ba aljani ba ne. Itace aka sassaƙa, aka shafa launi, aka danna a takardar."

Kafin la'asar ya sassaƙa irin fuskar a guntun allo, ya shafa shuni, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kai.

"Taka, 'yata."

Na taka. Ya ɗaga, sai ga fuskar a jikin ƙyallen tana hararar kowa! Inna ta rangaɗa guɗa.

Na tsufa, amma har yau in na ji warin shuni sai in ɗaga kai, in tuna ranar nan.