Kalmar da Hedimasta Ya Raba wa Kowa

Ka kawo min takardar shaidar mutumin nan in sa hannu, alhali kai da bakinka ka ce ba ka san shi sosai ba. Ajiye biron tukuna, in ba ka misali.

An yi wani hedimasta a wata firamare ta ƙauye, mutumin kirki, sai dai kara ta yi masa yawa. Lokacin da ya gama kwalejin horon malamai, wani Bature da ya koyar da shi ya rubuta masa takardar shaida, a ƙarshenta ya ce, "I hold him in high esteem." Wato mutumin nan yana da girma da daraja a idona. Masu harshen ba sa faɗin ta a kan wanda suka haɗu da shi jiya a mota, sai wanda suka zauna da shi suka ga halinsa a daɗi da wuya. Su arba'in ne a ajin, shi kaɗai aka rubuta wa. Ita ce ta buɗe masa ƙofar aiki, ya kuma ninke takardar ya ajiye a ƙasan akwati, ƙarƙashin rigarsa ta salla.

Da ya zama babba, sai aka fara zuwa wurinsa neman irin wannan takarda. Na farko ya cancanta. Na biyu ɗan limamin gari ne, malalacin malami wanda ba ya shiga aji sai rana ta take. Amma uban da kansa ya tako har ofis, ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya ce, "Malam, yaron nan ai naka ne." Ina hedimasta zai iya kallon idon liman ya ce a'a? Ya jawo tafireta ya buga masa kalmar nan. Na uku ƙanen matarsa ne, wanda aka taɓa kamawa ya kwashe bencin makaranta ya kai shagonsa. Shi ma ya samu. Hedimasta yana cewa a ransa, ai magana ce kawai, ba hatsi ba ce balle ta ƙare a rumbu. Da tafiya ta yi tafiya, yatsunsa suka haddace layin, suna kawai yake sakewa.

To, a makarantar akwai wani malamin aji ɗaya da suka yi shekara goma sha huɗu tare. Da damina, idan rafi ya kawo, yakan naɗe wando ya ɗora littattafai a ka ya tsallako, ya riga na cikin gari isowa. Shekarar da hedimasta ya kwanta ciwo wata uku, shi ya riƙe makarantar, bai taɓa zama a kujerarsa ba, a kan benci yake yin aikin ofis. Burinsa ɗaya a duniya, ya ƙaro ilimi. Sai wata kwaleji a birni ta ba da gurbi guda ga malaman yankin, kuma shekarar ce ta ƙarshe da shekarunsa za su bari a ɗauke shi. Ya zo yana sunkuyar da kai ya roƙi takarda.

Hedimasta ya zauna gaban tafireta tun hantsi har azahar. So yake ya sami kalmar da ta fi waccan nauyi, ya duba ƙamus, ya duba zuciyarsa, bai samu ba. Mafi girman abin da yake da shi ya riga ya raba wa kowa. Dole ya buga ta yadda ya saba, sai dai wannan karon har cikin ransa haka ne.

Sakamako ya fito, ba malamin aka ɗauka ba. Hedimasta bai iya haƙuri ba, ya shiga mota ya tafi birni wurin shugaban kwalejin, wanda abokin karatunsa ne. Bayan sun gaisa, shugaban ya buɗe durowa ya fito da takardu goma sha bakwai ya baje a kan tebur, dukkansu da sa hannu ɗaya da layi ɗaya a ƙarshe. Ya ɗaga guda ya ce, "Wannan bai gama zangon farko ba ya gudu. Wannan mu muka kore shi. Kai ka ce duk kana ganin girmansu." Hedimasta ya ce, "Wallahi malamin da na aiko muku bana daban ne." Shugaban ya ce, "Na yarda da kai, abokina. Amma ta ina zan gane? Gurbin ma an riga an ba wani."

Da ya dawo ƙauye, malamin ne ya tarye shi a bakin hanya ya karɓi jakarsa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, kada ka damu, Allah ne bai nufa ba. Ni abin da ka rubuta a kaina ma ya ishe ni." Da zaginsa ya yi, da ya fi masa sauƙi. Hedimasta ya san ba kwalejin ce ta hana bawan Allahn nan gurbinsa ba, shi ne, tun ranar da liman ya cire takalmi a ƙofar ofis. Malamin ya ci gaba da tsallake rafinsa har ya yi ritaya a aji ɗaya. Hedimasta kuwa bai sake buga layin nan ba, kuma baƙin cikin abin bai bar shi ba har ya tsufa.

Don haka ɗauki takardarka, ka je ka san mutumin tukuna. Hausawa sun ce, ido wa ka raina? Ya ce, wanda nake gani yau da gobe. Haka kalmar yabo take, in aka saba ganin ta a kan kowa, sai a raina ta.