Notin Hagu

Dallatu na tafe kan keke daga Gwagwalada zuwa Kwali sai ya hango wani mutum yana tsalle a kan bututun ƙarfe. Wata tsohuwar mota ce, Ostin koriya, a gindin wata kaɗanya, an rubuta mata "Sai Haƙuri" a goshi. Mutumin ya zura bututun a sifana, ya hau da ƙafa biyu, yana ta fama da notin tayar gaba, gumi har gwiwa.

Da wani ne da ya wuce abinsa. To amma Dallatu bai taɓa ganin kuskuren wani ya kau da kai ba. Direba ne na gaske, wannan kam ba a musu, sai dai bakinsa ya fi hannunsa aiki. Daga Abuja har Minna babu mai motar da bai ɗauke shi ba, babu kuma wanda bai kore shi ba, don duk wanda ya taɓa sitiyari ban da shi, a wurinsa jaki ne. Yau wata uku ke nan yana zaune. Sai da ƙyar Mero mai doya ta Kwali ta aiko masa ya zo ya karɓi motarta, kuma ya sani sarai in wannan ta kuɓuce masa, sai dai ya koma gona ya rungumi fartanya.

Duk da haka ya taka birki.

Ya zagaya motar yana taɓe baki. Tayoyin dama an riga an cire su, an tallafe gefen da duwatsu, an loda tayoyin a wata akori-kura da ke tsaye can gaba. Na hagu kuwa ko gezau. Noti ɗaya ma har ya fara cinyewa saboda azaba.

"Kai, wane ne ubangidanka a mota?" in ji Dallatu.

Mutumin ya yi firgigit ya diro, ya waiga gabas ya waiga yamma, sannan ya ce sunansa Maude. Wai mai motar ne ya aiko shi ya kai tayoyin Abuja a yi musu faci.

Dallatu ya shafa taya ɗaya. Sabuwa ful, ko gashin robarta bai kaɗe ba, a wannan zamani na yaƙi da taya ta fi nama wuya. Ya yi tsaki. Wato mai motar ma wani sakaran ne, wanda bai san sabuwar taya da mai neman faci ba. Gamin gambiza ke nan, wawa ya aiki wawa.

"Ɗaurewa kake yi tun ɗazu, ba kwancewa ba," ya ce. "Matsa can."

Ya tofa yawu a babban yatsa, ya goge kan ƙusar, ya nuna wa Maude ɗan harafin da aka buga a jiki. Irin waɗannan tsofaffin motocin Ingila, notin hagunsu a juye zarensa yake, don kada gudu ya warware shi. In za ka kwance, dama za ka murɗa. Yaron mota mai wata ɗaya ya san wannan, amma ga gardi da gemu yana neman tsinke ƙusa.

Ya ɗora sifana, ya ja dama. Notin ya yi ƙara ya saki.

Maude ya riƙe baki. "Kai, Malam, ashe kai gwani ne!"

Shi ke nan, an sosa wa Dallatu inda yake masa ƙaiƙayi. Ya tuɓe riga ya rataye a keke. Yana kwancewa yana karatu: ba a shafa wa zare mai, ba a hawa bututu da ƙafa, ƙarfin hannu biyu ya isa in sifanar ta kai tsawon kamu. In an tashi mayarwa kuma ba a bin noti a jere kamar masu jiran tuwo, wannan ka ɗaure ka tsallaka na gabansa. Maude na ta cewa "to, Malam", idonsa na kan hanya. Ko jak ma bai iya kafawa daidai ba, sai da Dallatu ya karɓa, ya ɗaga motar, ya gyara zaman duwatsun da kansa don kada a ce aikin da ya sa wa hannu ya karkace.

Tare suka cicciɓi tayoyin suka jefa a akori-kura. Maude bai tsaya dogon godiya ba, ya ba ta wuta ya nufi arewa. Dallatu ya bi shi da harara. Mutanen yanzu ke nan, ga jahilci ga rashin tarbiyya.

Ya isa Kwali da azahar, hannu duk baƙin mai, zuciya fari sol. Ya tarar da Mero a ƙofar gida tsakanin tulin doya, ya durƙusa ya gaishe ta, har yana shirin ba ta labarin dabbar da ya gamu da ita a hanya. Ya duba fili bai ga mota ba.

"Af, ai ka wuce ta, Malam Dallatu," in ji Mero, ta miƙo masa makulli da galan. "Mai ne ya ƙare mata jiya, direbana na da ya yi fushi ya bar min ita a gindin kaɗanya. Koriya ce, an rubuta Sai Haƙuri. Ka bi min ita a hankali, sababbin tayoyi na sa mata. Ni dai ban damu da ɓarayi ba, don bakanike ya ce notin hagunta, duk ƙasar nan sai gwani irinka ne zai iya kwance shi."