Baƙuwar Ɗakin Sama

Ƙarnin kifi ne ya sa na hau benen a guje. A ƙofar kowane ɗakin da nake ba baƙi haya na rubuta da yare huɗu: akwai murhu, akwai tukunya, kowa ya dafa abinsa, amma ban da suyar kifi.

Kwana biyu kacal, baƙuwar nan ta ishe ni. Ta intanet ta kama ɗakin, ta ɗauki makulli a akwatin bakin ƙofa, ko fuskarta ban gani ba. Ta shanya wanki a barandar da ke kallon teku. Matata Vjera ta ce har jan gado ta ji ana yi.

Na dirka wa ƙofar duka. "Baiwar Allah, nan fa ba gidan ubanki ba ne!"

Aka buɗe. Mahaifiyata ce, da cokali a hannu. Ita da na sa a mota zuwa birnin Zagreb wurin ƙanwata, kamar kowace shekara in baƙi suka fara zuwa, don in ba da hayar ɗakinta.

"Gidan ubana ne kuwa, Frane," ta ce. "Shi ya gina shi, da sunansa kuma na kama ɗakin. Shekara bakwai ban ga teku a lokacin zafi ba."

"Mama…"

"Babu wata mama, baƙuwa ce. Tawul ɗinku bai wanku ba. Je ka kawo wani, tun ban ba gidanka tauraro ɗaya tak a intanet ba."