Idon Dodo na Ƙarshe

Sau uku Ronelle tana kai buroshi kan idon ɗan mutum-mutumin dodo mai shan jini, tana janyewa. Shi ne na ƙarshe cikin rundunar 'yan mutum-mutumin wasan Tauriq da take yi wa fenti. Tana gamawa zai kwashe kayansa ya bar Cape Town.

"Wata biyu fa, Ronelle," ya ce. "Ido biyu kacal suka rage."

"Ido ba ya son gaggawa."

"Ke da kika yi ido talatin a rana ɗaya?"

Ta tsoma jan buroshin cikin shayinta maimakon ruwan ɗauraya. Ya dubi kofin, ya dube ta, sannan ya jawo kujera.

"Bar shi makaho. Ni ma ban yanki tikiti ba."