Ruwan Gindin Tudu

Mai gyaran famfo ya durƙusa a bayan ɗakinmu, ni kuma na tsaya a kansa ina haki, da jarka a hannu.

Wata uku ke nan kullum da safe ina sauka gindin tudun unguwarmu a Yawunde in ɗebo ruwa. Kafin nan, tun da na faɗi jarrabawa a jami'a na daina fita. Abinci ya ƙi ciwuwa, barci ya ƙaurace mini. Ana nan sai famfonmu ya ɗauke, abokiyar zamana kuma ta naɗe hannun dama da bandeji.

"Targaɗe na yi," in ji ta. "In ba ki ɗebo ba, ƙazanta ta kashe mu tare."

Ranar farko sau shida na huta a hanya, ina zaginta. A mako na uku na tsaya wajen mai fanke da wake, na cinye, na ce a ƙaro. Barci ya dawo. Na koma aji.

Mai gyara ya murɗa wani ɗan ƙarfe, sai ga ruwa.

"Madam, ai lafiyarsa lau. Rufe shi aka yi."

Na waiwaya. Abokiyar zamana ta sunkuyar da kai, yau bandejin a hannun hagu yake.

"Likita ya ce ki riƙa motsa jiki, kika ce sai dai a fitar da gawarki. To yaya zan yi da ke?"

Washegari na yaye mata bargo, na miƙa mata jarka ɗaya.

"Tashi, maƙaryaciya. Yau tare za mu hau."